FATAUCIN MATA: WANE NE MAI LAIFI A GABAN DOKA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci da malamansu da iyayen ƙasa, a wajen wani taron wayar da kan jama'ar karkara.



Maganar da za a yi yau magana ce mai nauyi a baki. A gidaje da yawa ba a yin ta sai da raɗa, wani gidan ma ba a yin ta sam. Magana ce ta 'ya'ya mata waɗanda ake kwasa daga garuruwansu a kai su wata ƙasa da sunan neman aiki, daga baya su tsinci kansu cikin karuwanci ko bauta. Malamai sun sha yin wa'azi a kan wannan, kuma hukuncin addini game da zina ba ɓoyayye ba ne. Abin da jama'a ba su cika ji ba shi ne abin da dokar ƙasa da dokokin duniya suka ce game da irin waɗannan mata. Rashin sanin wannan kuwa shi ne babban jarin masu fataucin. Yarinyar da ta ɗauka ita ce mai laifi ba za ta taɓa zuwa gaban hukuma ba. Iyayen da suka ɗauka haka su ma ba za su fita neman 'yarsu ba.

Yadda abin yake farawa

Mai fatauci ba ya zuwa da fuskar mugu. Sau da yawa ma ba baƙo ba ne. Wata 'yar gari ce da ta daɗe a waje ta dawo da zinari a wuya, ko wani ejan da aka san shi da shirya wa mutane tafiya. Sai a ce wa iyaye an samo wa 'yarsu aikin shago, ko aikin kitso, ko aikatau a gidan mutanen kirki. Sai a ce ba sai sun biya ko kwabo ba, kuɗin fasfo da na mota duk za a biya mata, in ta fara aiki ta biya sannu a hankali. Wani lokaci a kawo takarda a ce uba ya dangwala hannu, alhali bai san abin da aka rubuta a ciki ba.

Da zarar an tsallake iyaka sai magana ta sauya. A karɓe fasfo a ce za a ajiye mata. A gaya mata bashin da ke kanta, wanda ko a mafarki ba ta taɓa jin irinsa ba. Matan Nijeriya da aka kai Italiya an sha ɗora musu bashin kuɗin Turai yuro dubu 30 zuwa dubu 50. Magajiyar gidan kuma ta riƙa ƙara kuɗin abinci da na ɗaki a kan bashin. Daga nan sai a rufe ta da magana ɗaya: ba ki da takarda, in kika je wurin 'yan sanda ke za a ɗaure.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, wato IOM, ta ƙidaya matan Nijeriya kimanin 1,450 da suka isa Italiya ta teku a shekarar 2014. A shekarar 2016 adadin ya haura 11,000. Hukumar ta kimanta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗannan mata suna cikin haɗarin faɗawa hannun masu tilasta karuwanci. A watan Nuwamba na 2017 an sauke gawar 'yan matan Nijeriya 26 a tashar jiragen ruwa ta Salerno, bayan sun mutu a tekun Bahar Rum. Mafi yawan masu zuwa Italiya daga Jihar Edo suke, to amma hanyar da ake bi da su ta ƙasar Hausa ta ratsa, daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, zuwa Sabha a ƙasar Libiya.

Kada kuma a ce abin na mutanen kudu ne kaɗai. Kowa a nan ya san labarin matan da ake kaiwa Saudiyya da bizar Umara, biza ta ƙare, su koma zaman ɓuya a Jidda ko Makka. Da yawansu aikatau suke yi, ba karuwanci ba. Amma wadda aka karɓe wa fasfo, aka hana ta albashi, aka kulle ta a gida, ita ma doka tana kallonta a matsayin wadda aka yi fatauci da ita. A farkon shekarar 2019 kuma hukumar NAPTIP ta ce akwai mata da 'yan matan Nijeriya kimanin 20,000 da aka tilasta wa karuwanci a ƙasar Mali, wasunsu an yaudare su ne da cewa Malesiya za a kai su.

Abin da doka ta kira fatauci

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya da ake kira Yarjejeniyar Palermo, saboda a wannan birni na Italiya aka fara sa mata hannu. Nijeriya ta tabbatar da shigarta ciki a shekarar 2001. Yarjejeniyar ta ce abubuwa uku ne idan suka haɗu an yi fataucin mutum. Na farko, a nemo mutum, ko a yi jigilarsa, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi. Na biyu, a yi hakan ta hanyar barazana, ko ƙarfi, ko yaudara, ko amfani da rauninsa, ko biyan kuɗi ga wanda yake da iko da shi. Na uku, nufin ya kasance a ci da guminsa, ta hanyar karuwanci ko aikin tilas ko bauta.

A nan akwai wurare biyu da ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe. Idan an yi amfani da yaudara ko barazana, to cewar da mai fatauci zai yi wai ai da yardarta ta zo, ba hujja ba ce a gaban shari'a. Idan kuwa yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, ba a ma tambayar ko an yaudare ta ko ba a yaudare ta ba. Kai ta da aka yi domin a ci da guminta ya isa laifi.

Fataucin mutane daban yake da fasa-ƙwaurin mutane. Direban da aka biya ya tsallakar da fasinja iyaka a ɓoye, suka rabu a can, dokar shige da fice ya karya. Wanda ya riƙe fasinjar bayan an isa, yana cin kuɗin jikinta, shi ne mai fatauci. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana jigilar baƙin haure a shekarar 2015, gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamba na 2023. Soke ta bai halatta fataucin mutane ba, domin dokarsa daban ce, tun ta shekarar 2010.

Dokar Nijeriya

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 34, ya hana bautar da mutum, ya hana aikin tilas, ya hana azabtarwa da wulaƙanci. A shekarar 2003 aka kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, bayan fafutukar da ƙungiyoyi suka yi, musamman ƙungiyar WOTCLEF ta Hajiya Titi Atiku Abubakar. An sake yin dokar a shekarar 2015, aka ƙara mata ƙarfi. A ƙarƙashinta mafi ƙarancin hukuncin mai fataucin mutane shi ne ɗaurin shekara 2 da tarar naira 250,000. Wanda ya saka yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba cikin karuwanci, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 7 ne da tarar naira miliyan ɗaya. A da alƙali yana iya barin mai laifi ya biya tara ya tafi gida. Dokar 2015 ta toshe wannan ƙofa.

Dokar ba ta tsaya kan hukunci ba. Ta ce idan yanayin ya tabbatar an yi fatauci da mutum, ba za a tsare shi ko a gurfanar da shi ba saboda laifuffukan da suka biyo bayan halin da aka jefa shi, kamar rashin takardar tafiya ko riƙe takardar jabu. Ta ce a ɓoye sunansa, a ba shi magani da masauki, kuma yana da damar neman diyya daga wanda ya cuce shi. Hukumar tana da ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran manyan garuruwa, kuma ba a biyan kuɗi kafin a kai mata ƙara.

Su ma sarakuna sun taka rawa. A ƙasar Benin masu fatauci sun daɗe suna kai 'yan mata wurin bokaye su yi rantsuwa cewa ba za su gudu ba, ba za su tona asiri ba. Tsoron wannan rantsuwa ya hana mata da yawa buɗe baki a kotu. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen a fadarsa, ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya kuma tsine wa duk wanda ya sake ɗaura ta. Wannan darasi ne ga iyayen ƙasa na ko'ina: maganar basarake tana isa inda takardar gwamnati ba ta isa.

Kowace ƙasa da dokarta

Yarjejeniyar Palermo ta tsananta wajen hukunta masu fatauci, amma wajen taimakon waɗanda aka cuta sai ta sassauta, ta bar wa ƙasashe su yi gwargwadon abin da suka ga ya dace. Haka kuma ba ta yanke hukunci kan karuwanci kansa ba, ta bar wa kowace ƙasa. Shi ya sa dokokin suka bambanta ƙwarai.

A jihohin arewacin Nijeriya da yawancin ƙasashen Larabawa karuwanci laifi ne, ana kama mace a hukunta ta. Ƙasar Suwidin tun 1999 namijin da ya biya kuɗin take hukuntawa, ta bar macen. Faransa ta bi sahunta a 2016. Italiya ta rufe gidajen karuwai tun 1958, kuma kawali da magajiya take nema. Holan a 2000 da Jamus a 2002 sun mayar da abin sana'ar da gwamnati ke sa wa ido. Niyu Zilan ta cire shi daga jerin laifuffuka a 2003.

Masu fatauci kan fake da wannan su ce ai a Turai babu mai kama kowa. Wannan rabin gaskiya ne. A Holan ba a ba wadda ta fito daga wajen Tarayyar Turai takardar izinin wannan aiki. A Niyu Zilan dokar 2003 ɗin ita da kanta ta hana mai bizar wucin gadi shiga sana'ar, in an kama ta ana iya tasa ƙeyarta gida. Ke nan ko a ƙasar da ta halatta, baƙuwa marar takarda tana wajen inuwar doka. In an yi mata duka ko fashi ko fyaɗe, tana tsoron kai ƙara, domin kafin a tambaye ta wa ya cuce ta, an tambaye ta ina takardunta.

Wasu ƙasashen sun gane wannan matsala. Dokar shige da fice ta Italiya ta 1998, a sashe na 18, ta ba wadda ke neman kuɓuta daga hannun masu fatauci takardar izinin zama, wadda ake iya sabuntawa, har a mayar da ita takardar aiki ko ta karatu. A rubuce, ba lalle sai ta tsaya shaida a kotu ba, ko da yake a aikace 'yan sanda kan nemi ta ba da bayani. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 2005 kuma ta ce a ba wadda ake zaton an yi fatauci da ita aƙalla kwana 30 ta huta ta yi tunani, ba tare da an kore ta ba a cikin wannan lokaci.

Abin da kotuna suka yanke

Doka a takarda abu ne, aiki da ita wani abu ne. Ga shari'o'i da suka nuna haka.

A shekarar 2001 an kai wata budurwa 'yar Rasha tsibirin Saifurus da bizar masu wasa a gidajen rawa. Bayan 'yan kwanaki ta gudu. Maigidan ya gano ta ya kai ta wurin 'yan sanda. Maimakon su tambaye ta abin da ya kore ta, sai suka sake damƙa ta a hannunsa. Kafin gari ya waye sosai an tsinci gawarta a ƙarƙashin bene. Mahaifinta bai haƙura ba, ya bi shari'a shekara da shekaru. A watan Janairu na 2010 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce gwamnatin Saifurus ta gaza kare yarinyar, ta umarce ta ta biya uban yuro 40,000. Tun daga nan ya tabbata cewa ɗan sandan da ya ga alamun fatauci, wajibi ne ya bincika.

Wata 'yar Nijeriya kuma an kai ta ƙasar Girka a 2004 da alkawarin aiki, aka karɓe fasfonta, aka ɗora mata bashin yuro 40,000. An kama ta fiye da sau ɗaya bisa laifin karuwanci da rashin takarda. A ƙarshen 2006, tana tsare ana shirin korar ta, ta kai ƙarar waɗanda suka kawo ta. Sai da aka shafe kusan wata 9 kafin hukuma ta amince cewa ita ce aka cuta. A 2016 wannan kotu ta Turai ta ce Girka ta yi sakaci, ta ba matar diyyar yuro 12,000.

A nan kusa ma an gani. Hadizatu Mani, 'yar ƙauye ce daga yankin Birnin Ƙwanni a Nijar. An sayar da ita tana shekara 12 a kan sefa 240,000. Da taimakon masu kare haƙƙi ta kai ƙarar gwamnatin ƙasarta gaban kotun ECOWAS. A watan Oktoba na 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta yanke mata diyyar sefa miliyan 10.

Wadda ta tafi da saninta fa?

Wannan tambaya ce da ake yawan yi, kuma ta cancanci amsa. Gaskiya ne ba kowace ce aka yaudara ba. Akwai wadda ta san abin da za ta je yi, talauci ko mutuwar aure ko kwaɗayi ya kai ta. In ta karya dokar ƙasar da take, kotu ce za ta hukunta ta gwargwadon abin da doka ta tanada. To amma laifinta bai ba kowa izinin ya doke ta, ko ya yi mata fyaɗe, ko ya ƙwace kuɗinta ba, ko da kuwa yana sanye da kayan sarki.

A 2005 wata mata 'yar asalin Nijeriya da ke zaman kanta a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifaniya ta yi ƙarar cewa 'yan sanda sun doke ta sun zage ta saboda launin fatarta. Kotunan ƙasar suka yi watsi da ƙarar ba tare da cikakken bincike ba. A 2012 kotun Turai ta ce wannan rashin binciken tauye haƙƙi ne, ta ba ta yuro 30,000. Haka nan a watan Oktoba na 2017 kotun ECOWAS ta yanke wa gwamnatin Nijeriya hukunci kan wasu mata da jami'ai suka kama da dare a titunan Abuja, suka kira su karuwai, suka ci mutuncinsu. Uku daga cikinsu kowace ta sami hukuncin diyyar naira miliyan 6.

Duk wanda aka kama a Nijeriya, tsarin mulki ya ce a sanar da shi dalili cikin awa 24 a harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Yana da damar samun lauya, da tafinta kyauta. Wanda aka kama a ƙasar waje kuma, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba shi damar ya ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Waɗannan haƙƙoƙi ba sai mutumin kirki ake ba wa ba, na kowane ɗan Adam ne.

Abin da ya rage ga mutanen gari

Rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya zo da maganar kai yarinya aiki wata ƙasa, a tambaye shi sunan garin, da sunan wanda za ta yi wa aikin, da yawan albashi, da adadin bashin, a rubuce. A kai shi gaban mai unguwa ko dagaci ya maimaita. Mai gaskiya ba ya gudun wannan. Kada a dangwala hannu a takardar da ba a karanta ba. A nan ne amfanin ajin yaƙi da jahilci yake fitowa fili, domin uban da ya iya karatu da wuya a sayi 'yarsa da sa hannunsa. Wadda za ta yi tafiya ta halal ta bar hoton fasfonta a gida, ta haddace lambar wayar wani nata, kuma ta san cewa fasfo nata ne, ba na ejan ko uwar ɗaki ba.

Idan an riga an tafi da yarinya, labarinta ya yanke, ko ta yi waya tana kuka, kada kunya ta sa a yi shiru. A je ofishin NAPTIP, ko wurin jami'an shige da fice, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin shari'a ta gwamnati, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. A ajiye duk wata shaida: lambar wayar ejan, da rasit, da saƙonnin da aka turo.

Sai kuma wadda Allah ya dawo da ita. Wata takan sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu, ba kuɗi, ba lafiya. In ta iso gida aka tare ta da gori da habaici, aka ce ta ja wa dangi abin kunya, to an yi wa mai fataucin aiki kyauta. Ba za ta tsaya shaida a kansa ba, shi kuwa zai dawo ya ɗauki ƙanwarta. Wata ma saboda gorin takan sake kama hanya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kai ta asibiti, a rufa mata asiri, a sa ta ajin koyon karatu da sana'a, a tsaya mata idan ta yanke shawarar kai ƙara.

Allah ya tsare zuriya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya ba shugabanni ikon tsayar da adalci.